Muhawara: man ƙamshin ganyaye da ciwon mantuwa, me gwajin ɓeraye ya tabbatar?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin magani a cikinmu ku taimaka min. Kwanan nan tallar wasu ƙananan kwalabe ta cika mana waya, man rozmeri da na lafanda da na na'a-na'a, wai a ɗiga a ruwan zafi a shaƙa, yana dawo da ƙwaƙwalwa. Mai tallar har cewa take an gwada a kan ɓeraye a Turai an ga aiki. Surukata ce abin ya fara taɓawa, sai ta idar da la'asar ta sake miƙewa za ta yi alwala, tambaya ɗaya kuma sai ta maimaita maka ita kafin ka bar ɗakin. Maigidana yana so ya saya. Akwai gaskiya a maganar ɓerayen nan?

Abu Sumayya:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Ki ce wa maigidan ya riƙe kuɗinsa. Yanzu duk mai son ya sayar maka da abu sai ya ce bincike ya nuna. Wane bincike, a ina?

Malam Na-Samaru:
Allah ya ba Mama lafiya. Abu Sumayya, a wannan karon binciken akwai shi, kuma da yawa. Gwada magunguna a kan ɓeraye shi ne aikina, don haka bari in ɗauko maganar daga tushe.

A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari, asetilkolin, da jijiyoyi ke aika wa juna saƙo da shi, musamman wajen koyo da tunawa. A cutar Alzheimer, wato wani nau'in ciwon mantuwa na tsufa, jijiyoyin da ke samar da shi mutuwa suke yi. Akwai kuma wani sinadarin da aikinsa shi ne ya wargaza asetilkolin da zarar ya isar da saƙo. Magungunan asibiti irin su donepezil, wanda Amurka ta amince da shi a 1996, suna taka wa mai wargazawar nan birki ne, don ɗan abin da ya rage ya daɗe yana aiki. To wajejen shekarar 2000 masana a Ingila suka gano cewa man ganyen seji na Sifaniya, ɗan uwan wanda Larabawa ke kira maramiya, shi ma yana taka wannan birkin, a kwalbar gwaji da kuma a ƙwaƙwalwar ɓera. Cikin sinadaran da ke yin aikin akwai siniyol, wanda ake samu a rozmeri da ganyen bishiyar turare. A jami'ar Iasi ta Romaniya kuma, ƙungiyar Lucian Hritcu ta wallafa a 2012 cewa ɓerayen da suka shaƙi man lafanda awa ɗaya kullum har kwana bakwai sun fi 'yan uwansu tuna hanya. Daga baya sun bi wasu mayukan ɗaya bayan ɗaya, har a kan ƙananan kifaye suna gwadawa.

Baban Yusra:
Malam, ta yaya ake gane ɓera ya tuna ko ya manta? Ai ba magana yake ba.

Malam Na-Samaru:
Hanyoyin da yawa, amma biyu sun fi shahara. Ta farko akwati ne mai rassa uku, siffar harafin Y. Ka ajiye ɓera a ciki ka ba shi minti takwas, kai kuma ka zauna shiru da biro da takarda kana rubuta reshen da ya shiga. Ɓera mai lafiya ba ya son komawa inda ya fito yanzu, zagawa yake: na ɗaya, na biyu, na uku. Wanda tunaninsa ya ruɗe sai ya yi ta komawa reshen da ya baro. Kafin ka sa na gaba dole ka goge akwatin tas da sifirit, in ba haka ba warin fitsarin na farko zai bi.

Ta biyu ita ce wadda Richard Morris ya ƙirƙiro a Sikotland a farkon shekarun 1980. Babban baho ne mai zagaye cike da ruwa, a zuba garin madara ruwan ya yi fari, a ɓoye ɗan dandamali ƙasa da saman ruwan kaɗan. Ranar farko ɓera zai yi ta iyo yana bin gefen baho yana karce shi da farce. Zuwa kwana na huɗu ko na biyar, kana sakinsa zai ɗaga kai ya dubi alamomin da aka liƙa a bango ya nufi dandamalin kai tsaye. Sai ka ɗauke shi ka tsane shi da tawul ka mayar da shi keji.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Kafin a gwada mai, sai an fara sa wa ɓeran mantuwa, kuma hanyar da aka fi bi ita ce a yi masa allurar sikofolamin kamar rabin awa kafin gwaji. Wannan sinadarin kun san aikinsa, domin yana cikin zaƙami.

Baban Yusra:
Zaƙamin da samari ke jiƙawa a sha a wurin biki a yi ta sambatu?

Malam Na-Samaru:
Shi fa. Sikofolamin yana toshe wurin da asetilkolin ke sauka, shi ya sa wanda ya sha zaƙami yake wayar gari bai san abin da ya aikata jiya ba. To ɓeran gwajin nan matashi ne, lafiyayye, ƙwaƙwalwarsa kalau, an ruɗa shi ne na 'yan awoyi, ko ba a ba shi komai ba zai dawo daidai. Nasa kamar an ɗauke wuta ne za a dawo da ita, na Mama kuwa wayoyin gidan ne ke ƙonewa a hankali shekara da shekaru. Idan mai ya taimaki ɓeran nan, abin da muka koya shi ne man yana taɓa hanyar asetilkolin. Wannan ilimi ne na gaske, ba na raina shi. Amma mai tallar ta tsallaka daga nan zuwa warkar da tsohuwa, kuma gwajin bai ce haka ba. Ku ƙara da cewa ƙarfin siniyol wajen taka wa mai wargazawar nan birki ya gaza na donepezil sau dubbai.

Dokta Ummu Hanif:
Malam ya gama magana. In ƙara abu ɗaya daga ɓangaren asibiti. Ɓera ba ya kamuwa da Alzheimer da kansa, duka rayuwarsa shekara biyu ce ko ɗan fi. Sai dai a dasa masa ƙwayar halittar ɗan Adam don ƙwaƙwalwarsa ta tara dattin da ake kira amiloid. An warkar da irin waɗannan ɓerayen ba adadi. Amma da Jeffrey Cummings da abokan aikinsa suka duba magungunan Alzheimer 244 da aka gwada a kan mutane daga 2002 zuwa 2012, ɗaya tak ya samu amincewa, memantine. Kashi 99.6 cikin ɗari sun faɗi, alhali galibinsu sai da suka nuna alamar aiki a jikin dabba kafin a kai su ga mutum.

Hajiya Mai Turare:
Ni dai ina jin ku. Mu a Maiduguri da turare aka haife mu, da shi za a binne mu. Kajiji, hawi, sandal, lubban, ɗakin kakata ba ya rabuwa da kasko, kuma ta haura tamanin tana lissafa jikokinta da sunan kowa da ranar sunansa. Yanzu don Bature ya sa ɓera a akwati ne za a ce ƙamshi yana da amfani? Mu mun riga su sani.

Abu Sumayya:
Hajiya, akwai tsofaffin da ba su taɓa kunna turare ba kuma hankalinsu garau, akwai kuma masu turaren da suka rikice. Kaka ɗaya ba ta isa hujja ba.

Hajiya Mai Turare:
Ɓera takwas a keji su ne suka isa hujja?

Malam Na-Samaru:
Hajiya, ranki ya daɗe, wannan tambayar taki ta zauna daidai. Yawancin gwaje-gwajen nan ɓera shida zuwa goma ne a kowane rukuni, kuma wanda bai ga sakamako ba sau da yawa ba ya wallafawa, sai masu nasara kaɗai ake gani. Amma akwai bambancin da nake so ki lura da shi. Man da ake magana ana fitar da shi ne da tururi: a turara ganye, tururin ya kwaso man, a sanyaya, man ya taso saman ruwa a kwashe. Ɓeran ƙamshin kawai yake shaƙa, babu wuta. Turaren kasko kuwa ƙonawa ake, hayaƙi da ƙurar gawayi suna shiga huhu tare da ƙamshin. A Hong Kong, inda ake yawan kunna turaren tsinke a gida, wani bincike na 2020 ya ga tsofaffin da ke yawan kunnawa a cikin ɗaki sun fi rauni a gwajin tunani. Ba cewa nake a daina turare ba, sai dai a buɗe taga, kuma kada a rufe tsohuwa ko jariri a ɗaki da kasko.

Hajiya Mai Turare:
Wannan kam gaskiya ne. Mu ma masu sana'ar mun san ba a rufe ƙofa da gawayi a ɗaki. Turaren kirki ma a kan toka mai zafi ake ɗora shi, ba a kan jan garwashi ba, don kada ya ƙone ya yi ƙauri.

Ɗan Garwa:
Gaisuwa daga Kamaru. Hajiya, kajijinki ma an kai shi ɗakin gwaji. Farfesa Elisabeth Ngo Bum ta jami'ar Ngaundere da abokan aikinta sun gwada ruwan saiwarsa a kan ɓeraye, suka ga yana sa su natsuwa da barci, yana kuma rage farfaɗiyar da aka tayar musu da magani. Sai dai allura ko ɗura ake musu, ba hayaƙi ba, kuma maganar natsuwa ce ba ta tunawa ba.

Ustaz Abul Fadli:
Ban ji an ambaci habbatussauda ba. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa a cikinta akwai waraka daga kowace cuta sai mutuwa. Kuma tun da can masu hadda suna tauna lubban da zabibi. Malam, me gwajinku ya ce a kan waɗannan?

Malam Na-Samaru:
Allah ya gafarta Malam, habbatussauda tana cikin waɗanda aka fi gwadawa. Sinadarinta mai suna timokinon ya nuna yana rage kumburi da lalacewar jijiya a ƙwaƙwalwar ɓeraye, a bincike da dama daga Iran da Turkiyya da Malesiya. An kuma yi wani ƙaramin gwaji a Bangladash a 2013, dattawa 40 masu lafiya, aka ba rabinsu garinta na mako tara, suka ɗan fi sauran a gwajin tunawa. Masu lafiya ne, ba masu ciwon mantuwa ba. Lubban kuma akwai abin lura: sinadaransa da aka fi nazari a kansu, masu rage kumburi, suna da nauyi, ba sa tashi da tururi. Suna nan a cikin ƙaron da ake taunawa, amma ba sa shiga man ƙamshinsa. Wanda ya karanta binciken ƙaro ya je ya sayi kwalbar mai, wani abu daban ya saya.

Ustaz Abul Fadli:
Madalla. Mu hadisi mun yi imani da shi. Amma malamai tun da, irin su Al-Khaɗɗabi, sun yi bayanin cewa lafazin gamamme ne da ake nufin keɓantacce da shi, kuma sanin yadda za a sha da gwargwadon da za a sha aikin masana magani ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya ce ku nemi magani. Abin da ba na so shi ne ɗan kasuwa ya jingina kwalbarsa da hadisi don kada a tambaye shi abin da ke ciki.

Baban Yusra:
To ni na ga wani labari ana ta turawa, wai a Amurka ƙamshi ya ƙara wa tsofaffi ƙwaƙwalwa da kashi 226 cikin ɗari. Wannan kuma mutane ne, ba ɓeraye ba.

Dokta Ummu Hanif:
Eh, jami'ar Kalifoniya ta Irvine, 2023. Mutum 43 ne 'yan shekara 60 zuwa 85, duk masu lafiyar ƙwaƙwalwa. An ba su na'urar fesa ƙamshi ta yi aiki awa biyu kowane dare har wata shida, mai bakwai ana juyawa: wardi, lemon zaƙi, lemon tsami, bishiyar turare, na'a-na'a, rozmeri da lafanda. Kashi 226 ɗin bambanci ne tsakaninsu da rukunin da aka ba ɗan ƙamshi kaɗan, a gwaji guda na tuna jerin kalmomi. Annobar korona ta hana a kammala gwada da yawa daga cikinsu, kuma kamfanin Procter & Gamble ne ya ba da kuɗin aikin. Ni ina ganin abin sha'awa ne da ya cancanci a maimaita da mutane ɗaruruwa. Dalilin da ya sa ban watsar da shi ba, hanyar jin ƙamshi tana da kusanci sosai da sassan ƙwaƙwalwa masu ajiye tunani, kuma raguwar jin ƙamshi tana cikin alamomin farko na Alzheimer da Parkinson mai sa karkarwar jiki, wani lokaci shekaru kafin mantuwa ta bayyana.

Malam Na-Samaru:
Dokta ta taɓo abin da ya fi burge ni a fannin nan gaba ɗaya. A Kagoshima ta Japan a 2018 an nuna ƙamshin linalul, sinadarin lafanda, yana rage wa ɓeraye fargaba. Da aka lalata wa wasu jin ƙamshi aka sake gwadawa, sai aikin ya ɓace. Ke nan ta hanci saƙon ya bi, ba ta jini ba. A Nabara ta Sifaniya kuma a 2023 an riƙa shaƙa wa ɓerayen Alzheimer mantol, sinadarin na'a-na'a, lokaci-lokaci har wata shida, tunaninsu bai lalace kamar na sauran ba, aka kuma ga wani sinadarin kumburi ya ragu a ƙwaƙwalwarsu. Sai dai ɓera da hanci yake rayuwa. Yana da nau'o'in masu karɓar wari fiye da dubu, mu kusan ɗari huɗu. Har an nuna a jami'ar McGill ta Kanada a 2014 cewa warin jikin namiji mai gwaji kaɗai yana tayar wa ɓera hankali har ya canza yadda yake nuna jin zafi. Dabbar da rigar mutum ke canza mata hali, dole a yi hattara wajen fassara abin da lafanda ta yi mata.

Abu Sumayya:
To ai kun dawo kan maganata. Ganye ganye ne, magani na asibiti.

Dokta Ummu Hanif:
A'a Yaya, nan ban bi ka ba. Galantamine da muke rubuta wa masu ciwon mantuwa daga albasar wani fure aka fara samo shi. Rivastigmine kuma an gina shi ne a kan sinadarin waken Kalaba, wanda mutanen Efik ke ba wanda ake zargi da maita ya ci. Turawa suka kai shi Edinbara ta Sikotland, daga baya aka ware sinadarinsa a Jamus a 1864. Daga ƙasarmu ya fita. Abin da ya mai da shi magani shi ne an ware shi, an auna shi, an san adadin da ke taimako da adadin da ke kisa, an gwada a kan dubban mutane. Kwalbar da ake tallatawa a waya ba ta bi ta wannan hanyar ba.

Maman Ilham, ƙanwata, ga abin da nake roƙonki. Ku kai Mama asibiti a duba hawan jini, suga, sinadarin B12, maƙoƙo, ji da gani, a kuma duba duk magungunan da take sha, domin wasu magungunan mura da na barci da na mafitsara suna toshe asetilkolin ɗin nan su ƙara ruɗa tsoho. Damuwa ma tana zuwa wa tsofaffi da kamannin mantuwa. Wasu daga cikin waɗannan ana gyara su tsaf. Kwamitin mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 da ke da hannu a kusan kashi 45 cikin ɗari na ciwon mantuwa, hawan jini da raunin ji suna ciki, kuma a nan arewa mutum nawa ne ke yawo da hawan jini bai sani ba. In tana son ƙamshin lafanda a ɗakinta da dare, ɗigo biyu a kofin ruwan ɗumi ba laifi, matuƙar ba ta da asma ko farfaɗiya.

Maman Ilham:
Na gode Anti Dokta, Allah ya saka da alheri. Dama tana da hawan jini, ta daina shan maganin tun da ta ce ta ji sauƙi. Zan nuna wa maigidan wannan bayanin yau in sha Allah.

Sista Uwani:
Don Allah a ja kunnen iyaye mata, kada a sha mayukan nan, kuma a ɗaga su sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ƙaramin cokali na man bishiyar turare ya isa ya sumar da yaro. Likitocin jijiya a Bangalore ta Indiya sun ba da rahoton mutanen da suka yi jijjiga bayan sun shaƙa ko sun sha shi, wasunsu ba su taɓa farfaɗiya ba. Man kanumfari yana lalata hantar yaro. Na taɓa karɓar jariri ɗan kwana biyar, idanunsa da tafin ƙafarsa sun yi ɗorawa shar, ya ƙi kama nono. Da muka warware zanen da aka naɗo shi sai warin kafur ya bugo mu, a cikin akwatin da aka zuba ƙwallayen kafur aka ajiye kayan haihuwar. Yaran da aka haifa da ƙarancin G6PD, wani sinadari mai kare ƙwayoyin jini, kuma suna da yawa a Najeriya, kafur yana fasa musu jini, hodar mantol ma an daɗe da gano tana ƙara musu haɗarin shawara. Sai da aka yi masa canjin jini.

Ɗan Garwa:
Subhanallah. To wanda ke da lambar NAFDAC fa?

Sista Uwani:
Ka duba lambar, ta maganin gargajiya yawanci tana ƙarewa da harafin L. Ma'anarta an duba ba ya cutarwa in an bi ƙa'ida. A jikin kwalbar ma za ka ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance ikirarin warkarwar ba.

Ɗalibar Harhaɗa Magani:
Malam Na-Samaru, ina ajin ƙarshe, ina so aikin kammala karatuna ya zama a kan man ɗoɗɗoya ko kimba, tunda namu ne kuma ba sai an sayo daga waje ba. Me za ka ba ni shawara?

Malam Na-Samaru:
Na ji daɗin wannan, 'yata. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta fitar da Niprisan na masu sikila daga tsirran gida, har da kanumfari da masoro a ciki, don haka hanyar a buɗe take. Ki fara da kai tsiron ma'ajiyar tsirrai ta jami'a a tabbatar da sunansa a ba ki lamba, domin ɗoɗɗoya kala-kala ce. Ki rubuta inda aka tsinko da watan da aka tsinko, man damina da na rani ba ɗaya ba ne. Ki nemi a auna sinadaran da ke cikin man da na'ura kafin ya taɓa ɓera. A rukunanki ki sa wanda aka ba donepezil don kwatance, ki sa kuma wanda ya shaƙi wani ƙamshi daban, don a bambance aikin ɗoɗɗoya da na sabon wari kawai. Wanda zai zauna yana ƙirga rassan akwati kada ya san ɓeran wane rukuni ne a gabansa. In kuma sakamakon ya fito babu bambanci, ki rubuta shi haka, ki kare shi a gaban malamanki.

Hajiya Mai Turare:
'Yata in kin gama da ɗoɗɗoya ki waiwayi kajiji. Zan aiko miki da na gaske, ba wanda ake haɗawa da itace a fesa masa turare ba.

Malam Na-Samaru:
Hajiya in za ki aiko, a haɗo da tsiron sukutum, saiwa da kara da furensa, a matse shi tsakanin takardun jarida ya bushe. Da busasshiyar saiwa kaɗai masu tantancewa ba za su ba ta lamba ba.